MAJALISAR DATTIJAI TA 1979 ZUWA 1983: SU WA SUKA ZAUNA, ME SUKA BARI?



Batun wannan lacca shi ne mutane 95 da suka zauna a Majalisar Dattijai ta Nijeriya daga watan Oktoba na 1979 zuwa 1983, watau zamanin Jumhuriya ta Biyu. Idan ana tuna wannan zamani, sunayen da kan fara zuwa baki su ne Alhaji Shehu Shagari, da Cif Obafemi Awolowo, da Dokta Nnamdi Azikiwe, da Malam Aminu Kano, da Alhaji Waziri Ibrahim. Babu ɗaya daga cikinsu da ya riƙe kujera a majalisar. Duk da haka, ba a naɗa minista ko jakada sai da yardar waɗannan mutane 95, ba a kuma fitar da kwabo daga baitulmalin Tarayya sai da amincewarsu tare da ta Majalisar Wakilai. Shi kansa Shagari ya sha faɗi cewa kujerar Majalisar Dattijai ya so nema tun farko, kafin jam'iyyarsa ta ɗora masa takarar shugabancin ƙasa. Saboda haka ya dace a waiwaya a ga su wane ne aka aika can, da yadda aka aika su, da abin da suka yi da amanar da aka ba su.

YADDA AKA RABA KUJERU

Majalisar Dattijai ta zamanin Jumhuriya ta Farko ba talakawa ne suka zaɓe ta ba. A 1960 kowace Jiha daga cikin manyan Jihohi uku, watau Arewa da Gabas da Yamma, ta aika mutum 12 waɗanda hukumomin Jihar suka tsamo, Ikko ta ba da huɗu, aka kuma naɗa wasu huɗu, jimla 44. Bayan an ƙirƙiro Jihar Yamma ta Tsakiya a 1963 adadin ya koma 56. Ikon wannan majalisa kaɗan ne. Tana iya jinkirta doka, amma ba ta iya tsai da gwamnati, domin Firayim Minista a Majalisar Wakilai yake, can kuma ƙarfi yake.

Tsarin Mulkin 1979 ya sake wannan lale baki ɗaya. An ɗauko tsarin Shugaban Ƙasa mai cikakken iko irin na Amurka, aka ware gwamnati daban, majalisa daban. Jihohi 19 ne a lokacin, kamar yadda Janar Murtala Muhammad ya raba su a watan Fabrairu na 1976. Aka yanka kowace Jiha gida biyar, kowane gida ya zaɓi Sanata ɗaya da ƙuri'ar jama'a kai tsaye. Biyar sau 19 shi ne 95.

Hikimar wannan rabo tana fitowa ne idan aka gwada shi da na Majalisar Wakilai, wadda aka raba kujerunta 449 bisa yawan jama'a. Can Jihar Kano tana da 46, Oyo 42, Sakkwato 37, alhali Jihar Neja 10 kawai gare ta, Ikko da Ogun 12 kowace. Amma a Majalisar Dattijai Neja da Kano kai ɗaya suke, biyar biyar. An yi haka ne don ƙananan Jihohi su sami wurin da muryarsu ba za ta nutse ba, domin tsoron danniyar babba a kan ƙarami yana cikin abubuwan da suka rusa Jumhuriya ta Farko.

Sharuɗɗan tsayawa ba su da yawa. Mutum ya kasance ɗan ƙasa, ya cika shekara 30, kuma wata jam'iyya mai rajista ta tsai da shi, domin ba a yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne tushen rigingimu da yawa da za a ambata nan gaba.

ZAƁEN RAN 7 GA YULI

Hukumar Zaɓe ta Tarayya, FEDECO, a ƙarƙashin Cif Michael Ani, ta yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN, da UPN, da NPP, da GNPP, da PRP. Ta kuma jera zaɓuɓɓuka biyar. Na Majalisar Dattijai shi ne na farko, ran 7 ga Yuli, 1979. Na Majalisar Wakilai ya biyo ran 14, na majalisun Jihohi ran 21, na gwamnoni ran 28, na Shugaban Ƙasa kuma ran 11 ga Agusta. Watau zaɓen Sanatoci shi ne zakaran gwajin dafi bayan shekara 13 na mulkin soja. Shi ne kuma zaɓen tarayya na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a cikinsa.

Abin takaici, shi ne zaɓen da jama'a suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu na waɗanda suka yi rajista ya fito, watau wajen ƙuri'a miliyan 12 da rabi, alhali a zaɓen Shugaban Ƙasa an jefa kusan miliyan 17. Mutane da yawa ba su gane nauyin kujerar ba tukuna.

Da aka ƙidaya, NPN ta sami kujera 36, UPN 28, NPP 16, GNPP 8, PRP 7. Yadda kujerun suka bazu ya fi jimlar ba da labari. UPN ta kwashe duka biyar a Ikko da Ogun da Oyo da Ondo, ta ƙara huɗu a Bendel, biyu a Kwara, biyu a Gongola. NPP ta share Anambara da Imo, ta ɗauki huɗu a Filato, biyu a Ribas. PRP ta cinye Kano kakaf, ta ƙara biyu a Kaduna. GNPP ta sami huɗu a Barno, biyu a Gongola, biyu a Kuros Riba. NPN kuwa ta kwashe Sakkwato da Neja da Bauci da Binuwai, ta sami uku uku a Kaduna da Kwara da Kuros Riba da Ribas, sannan ɗai ɗai a Bendel da Barno da Gongola da Filato.

Mai lura zai ga abu biyu. Na farko, Jihohi 11 cikin 19 jam'iyya ɗaya suka miƙa wa kujerunsu duka, kuma taswirar ta yi kama da ta tsofaffin jam'iyyun zamanin Sardauna, ko da yake an sake sunaye. Na biyu, akwai Jihohin da suka ƙi zuba ƙwai a kwando ɗaya. Gongola ta raba kujerunta biyar tsakanin jam'iyyu uku. Galibin Jihohin da suka raba ƙuri'a, irin su Gongola da Filato da Kwara da Bendel da Ribas da Kuros Riba, Jihohi ne masu ƙabilu barkatai, kuma su ne suka zama raba gardama a majalisar.

SU WA SUKA ZAUNA

Sunan da Hausa ta ba wannan majalisa yana sa a zaci taron masu furfura ne. Akwai su kam. Dokta Jaja Wachuku daga Imo, jagoran Sanatocin NPP, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, ya kuma riƙe Ministan Harkokin Waje a Jumhuriya ta Farko. Alhaji Ibrahim Jalo Waziri daga Jihar Bauci shi ne ya gaje shi a kujerar Kakaki, ya riƙe ta daga 1960 har zuwa juyin mulkin 1966. Joseph Tarka daga Binuwai ya jagoranci jam'iyyar UMBC yana adawa da NPC shekara da shekaru, ga shi yanzu a inuwa ɗaya da tsofaffin abokan hamayyarsa a cikin NPN. Cif Jonathan Odebiyi daga Ogun, jagoran Sanatocin UPN, ya yi minista a tsohuwar Jihar Yamma.

Akwai kuma masu sana'a da boko mai zurfi. Dokta Olusola Saraki daga Kwara likita ne. David Dafinone, wanda shi kaɗai ya ci wa NPN kujera a Bendel, akanta ne sananne. Abraham Adesanya daga Ogun lauya ne. Farfesa Banji Akintoye daga Ondo masanin tarihi ne. Dokta Obi Wali daga Ribas malamin adabi ne. Ahmadu Ali daga Binuwai likitan soja ne wanda ya riƙe Kwamishinan Ilmi na Tarayya. Gefe guda kuma ga waɗanda makarantarsu ita ce gwagwarmayar siyasa tun zamanin NEPU, irin su Alhaji Sabo Bakin Zuwo daga Kano. Alhaji Ibrahim Barau daga Kaduna ya jagoranci Sanatocin PRP, Alhaji Idrisa Kadi daga Barno kuma ya jagoranci na GNPP.

Wanda aka zaɓa ya shugabanci wannan taro, Dokta Joseph Wayas daga yankin Ogoja a Jihar Kuros Riba, shekararsa 38 kacal a lokacin. Ashe dattakun da ake nema a wurin na hali ne, ba a auna shi da yawan shekaru.

Wani giɓi babba ya kamata a faɗa. A cikin mutum 95 babu mace ko ɗaya. A Jumhuriya ta Farko an naɗa Wuraola Esan daga Yamma a 1960, amma da aka koma zaɓen ƙuri'a sai ƙofar ta rufe. Sai a 1983 Franca Afegbua ta ci kujera a Bendel a ƙarƙashin NPN, ta zama mace ta farko da aka zaɓa Sanata a tarihin ƙasar.

LISSAFIN DA YA TILASTA SULHU

Rinjaye a majalisa mai mutum 95 shi ne 48. Jam'iyyar Shugaban Ƙasa tana da 36, saura 12. Sauran jam'iyyu huɗu idan sun haɗa kai suna da 59. Ma'ana, da sun so, da sun naɗa shugabannin majalisa daga cikinsu, sun kuma hana Shugaban Ƙasa kafa gwamnati. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka NPN ta nemi abokin tafiya, ta ƙulla yarjejeniya da NPP. Kujera 36 da 16 suka zama 52.

Da wannan yarjejeniya aka raba muƙamai sa'ad da majalisa ta fara zama a Dandalin Tafawa Ɓalewa da ke Ikko. Wayas na NPN ya zama Shugaban Majalisar Dattijai, John Wash Pam na NPP daga Filato ya zama Mataimakinsa, Saraki kuma ya zama Jagoran Majalisa. A Majalisar Wakilai aka juya rabon: Edwin Ume-Ezeoke na NPP ya zama Kakaki, Alhaji Idris Ibrahim Kuta na NPN ya zama Mataimaki. NPP ta kuma sami kujerun ministoci, har da na Harkokin Waje, wanda Farfesa Ishaya Audu ya riƙe.

Auren bai yi ƙarko ba. NPP tana kukan ba a shawartarta, NPN tana kukan abokiyar tafiyarta tana cin ladan kuturu ba ta yin aski. A watan Yuli na 1981 aka raba gari. Daga nan gwamnati ta koma neman ƙuri'a ɗai ɗai a kan kowane batu. Wannan hali ya ba kowane Sanata daraja, domin ƙuri'arsa tana iya zama ta 48. Ya kuma buɗe ƙofar ciniki, domin abin da ke da daraja ba ya rasa mai taya shi.

GWAJI UKU

Abubuwa uku sun isa su nuna yadda waɗannan mutane suka yi amfani da ikonsu, da kuma inda ikon ya tsaya.

Na farko shi ne dokar rabon arzikin ƙasa. Bayan rahoton hukumar Dokta Pius Okigbo, majalisun biyu suka saɓa. Majalisar Dattijai ta ce a ba Gwamnatin Tarayya kashi 58 da rabi cikin 100, Jihohi 31 da rabi, Ƙananan Hukumomi 10. Majalisar Wakilai ta ce Tarayya 50, Jihohi 40, Ƙananan Hukumomi 10. Abin mamaki ke nan: majalisar da aka kafa don kare Jihohi ita ce ta rage musu kaso. Aka kai batun gaban kwamitin haɗin gwiwa na kuɗi mai mutum 24, kwamitin ya ɗauki ra'ayin Majalisar Dattijai da ƙuri'a 13 a kan 11, aka miƙa wa Shugaban Ƙasa ya sa hannu a farkon 1981 ba tare da an mai da shi gaban majalisun biyu ba. Gwamnatin Bendel ta Farfesa Ambrose Alli ta garzaya kotu. A watan Oktoba na 1981 Kotun Ƙoli ta soke dokar, ta ce kwamiti ba majalisa ba ne, mutum 24 ba za su yi doka a madadin ɗaruruwan da jama'a suka zaɓa ba. Dole aka sake sabuwa, wadda ta ba Tarayya 55, Jihohi 35, Ƙananan Hukumomi 10.

Na biyu shi ne ƙarar Sanata Adesanya. A 1980 Shugaban Ƙasa ya naɗa Mai Shari'a Victor Ovie-Whiskey, Babban Jojin Bendel, ya shugabanci FEDECO, Majalisar Dattijai kuma ta tabbatar. Adesanya ya soki naɗin a zauren majalisa, aka rinjaye shi, sai ya kai ƙara. A 1981 Kotun Ƙoli ta ce ba shi da hurumin shigar da ƙarar, domin bai nuna wani haƙƙi nasa na kansa da aka tauye ba. Darasin shi ne, makamin Sanata bakinsa ne da ƙuri'arsa a cikin zaure. Idan ya sha kaye a can, kotu ba za ta sake masa ƙidaya ba.

Na uku shi ne karon majalisar da 'yan jarida. A 1980 Majalisar Dattijai ta kira Tony Momoh, editan jaridar Daily Times, ya zo ya bayyana inda ya samo wani labari da ya taɓa mutuncin 'yan majalisa. Ya ƙi, ya tafi Babbar Kotun Ikko, ta ba shi gaskiya. Daga baya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta warware wannan hukunci. Ko yaya aka kalli shari'ar, ta nuna majalisar da ba ta jure tsegumi a kanta, a daidai lokacin da jama'a ke gunaguni game da albashin 'yan majalisa, da gidajensu na rukunin 1004 a Ikko, da yawan tafiye-tafiyensu ƙasashen waje. Gunagunin ya ƙaru bayan kuɗin man fetur ya faɗi, aka kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982.

KUJERAR TA WACE CE?

Majalisar da ta tashi a 1983 ba ita ce daidai wadda ta zauna a 1979 ba. Mutuwa ta yi nata ɗauki: Joseph Tarka ya rasu a Landan a watan Maris na 1980, wata shida kacal da fara zama. Amma rabuwar jam'iyyu ce ta fi sauya fuskar zauren. A 1980 PRP ta dare gida biyu, 'yan Taɓo da ke tare da Malam Aminu Kano, da 'yan Santsi da ke tare da gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa. GNPP ita ma ta tsage. NPP ta sami waɗanda suka ƙi bin umurnin ficewa daga gwamnati.

Tsarin Mulki ya ce duk ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsai da shi ya koma wata kafin wa'adinsa ya cika, ya rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ce ta rabu ko ta narke cikin wata. An rubuta wannan ne don hana irin sauya sheƙar da ta dagula siyasar Jihar Yamma a da. Amma wannan togaciya ta zama ƙofar baya. Da zarar jam'iyya ta sami ɓaraka, kowa yana iya cewa rabuwa ce ta kore shi. Ko ba a sauya sheƙa a fili ba, mutum yana iya riƙe katin jam'iyya ɗaya yana jefa ƙuri'a da wata. Talakan da ya dangwala wa alamar jam'iyya a 1979 ba a sake tambayarsa ba. Wannan sashe, tare da togaciyarsa, an sake dasa shi a Tsarin Mulkin 1999, kuma har yanzu gardamar ba ta mutu ba.

1983 DA ABIN DA YA BIYO

A 1983 aka juya jerin zaɓe. Na Shugaban Ƙasa ya zo farko ran 6 ga Agusta, na gwamnoni ran 13, na Majalisar Dattijai ran 20. Wannan sauyi ba ƙarami ba ne, domin idan an riga an san wanda ya ci babbar kujera, ƙuri'un baya sukan bi inda ruwa ya gangara. An ƙara kujera ɗaya ta Abuja, adadin ya zama 96. NPN ta sami rinjaye ita kaɗai, ba ta bukatar kowa. Jam'iyyun adawa suka yi kukan maguɗi, aka yi tarzoma da asarar rayuka a Ondo da Oyo bayan zaɓen gwamnoni, kotuna suka cika da ƙararraki. A wannan zaɓe ne Cif Odumegwu Ojukwu ya nemi kujerar Onica a ƙarƙashin NPN bai samu ba.

Wasu daga cikin mutanen 1979 sun bar zauren sun hau gaba. Sabo Bakin Zuwo ya zama Gwamnan Kano, Cornelius Adebayo ya zama Gwamnan Kwara, Donald Etiebet ya zama Gwamnan Kuros Riba. Wayas ya koma kujerarsa ta shugabanci. Dukansu wata uku suka yi. Ran 31 ga Disamba, 1983, soja suka karɓe mulki, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau, aka rushe majalisa. Majalisar da babu mai rinjaye a cikinta ta cika shekara huɗu cur. Wadda jam'iyya ɗaya ta mamaye ba ta ga sabuwar shekara ba. Dalilan juyin mulkin suna da yawa, amma yana da wuya a musa cewa zaɓen da jama'a ba su gaskata ba ya bar majalisar ba ta da mai kare ta.

Wasu kuma tarihi ya sake dawowa da su. Ameh Ebute daga Binuwai ya shugabanci Majalisar Dattijai na ɗan gajeren lokaci a 1993. Adesanya ya zama jigon masu adawa da mulkin Janar Sani Abaca. Ahmadu Ali ya shugabanci jam'iyyar PDP daga 2005. Ɗan Saraki, Bukola, ya zama Shugaban Majalisar Dattijai daga 2015 zuwa 2019.

ABIN ƊAUKA

Tun daga 1999 Majalisar Dattijai tana da kujera 109, uku daga kowace Jiha cikin 36, ɗaya daga Abuja, kuma sai wanda ya cika shekara 35 yake tsayawa. Adadi ya sauya, aikin yana nan yadda yake: tantance ministoci da jakadu da manyan alƙalai, duba kasafin kuɗi, da binciken yadda aka kashe shi.

Tarihin 1979 zuwa 1983 ya nuna cewa ƙuri'a biyu a cikin kwamiti sun isa su karkatar da rabon arzikin ƙasa, cewa mutum 12 sun isa su hana gwamnati kafuwa, kuma cewa wanda aka zaɓa da tuta ɗaya yana iya kwana a ƙarƙashin wata. Mutum uku cikin huɗu da suka zauna gida ran 7 ga Yuli, 1979 sun bar wa na huɗun ya zaɓar musu waɗanda suka yanke waɗannan hukunce-hukunce. Saboda haka duk mai katin zaɓe ya kamata ya san sunan Sanatansa, ya san kwamitin da yake zaune a ciki, ya san inda ya jefa ƙuri'a a kan kasafin kuɗi, ya kuma tambaye shi dalili idan ya sauya jam'iyya. Idan ya dawo neman ƙuri'a, a kan waɗannan za a yi masa hisabi.

A nan wannan lacca ta tsaya.